Ra'ayinmu: Kafin ka sayi a-kori-kurar dizal don jan gidan tafi-da-gidanka, fara auna kayanka

Bahaushe ya daɗe da kalmar tafi-da-gidanka. Ya laƙaba wa wayar salula ita, ya laƙaba wa kotun da ke yanke hukunci a bakin titi. Amma a Amurka akwai abin da sunan ya zauna masa daram: ɗaki sukutum a kan tayoyi, da gado da madafa da banɗaki da tankin ruwa, wanda magidanci ke maƙala wa bayan mota ya ja iyalinsa zuwa bakin tafki ko gindin tsauni, su yi kwana uku ko wata uku. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da irin waɗannan gidaje fiye da 600,000, akasarinsu daga jihar Indiana, musamman yankin Elkhart. Mafi yawansu ba su da injin kansu, sai an ja su.

A wajen zaɓen motar da za ta ja su ne kuɗi mai yawa ke shiga, a nan ne kuma kuskure ya fi tsada. Babbar a-kori-kura a Amurka aba ce da mutum kan ɗauki shekaru yana biyan bashinta, kuma tambayar da ke jiran duk wanda ya shiga wurin dillali ita ce: mai dizal, wanda direbobinmu ke kira gas, ko mai fetur? Mun ga ya dace mu tsoma baki domin 'yan'uwanmu mazauna can da wannan sha'awa za ta iya kamawa, da kuma masu shigo da irin waɗannan motoci gida ta Kwatano da Legas. Za mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa, sannan mu faɗi inda muka tsaya.

Masu goyon bayan dizal suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba ta baki kawai ba ce. Abin da ke tayar da kaya mai nauyi daga tsaye, ya hau da shi tudu, shi ne ƙarfin murɗa da inji ke aika wa tayoyi, kuma a wannan fage dizal ba shi da na biyu. A motocin Ford na 2023, injin dizal mafi ƙarfi mai lita 6.7 yana ba da ƙarfin murɗa 1,200 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, alhali babban injin fetur na kamfanin mai lita 7.3 yana ba da 485. Kusan ninki biyu da rabi ke nan. Ƙari a kan haka, dizal yana fitar da wannan ƙarfi tun injin yana juyawa a hankali, ba sai ya yi ta kururuwa ba. Direban da ya taɓa jan tan shida a kan doguwar hanya ya san bambancin motar da ke hawa tudu cikin natsuwa da wadda ke ta sauya giya tana haki.

Tsaunuka su ne wurin da wannan fifiko ya fi bayyana. Babbar hanyar da ta ratsa jihar Colorado daga gabas zuwa yamma tana bi ta ramin Eisenhower, mita 3,400 sama da teku. A irin wannan tsayi iska ta yi ƙaranci, injin da ke shaƙar iska da kansa kan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Injinan dizal na waɗannan motoci duk suna da turbo mai cusa musu iska, don haka asararsu kaɗan ce. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari. Bayan ramin akwai gangara mai tsawon fiye da kilomita 10, kuma wanda ya dogara da taka birki kaɗai da gida a bayansa zai iya ƙona shi kafin ya kai ƙasa. A-kori-kurar dizal tana da birkin salansa, wanda ke toshe hanyar hayaƙi ya sa injin da kansa ya riƙe motar. Wannan kariya ce ta rai, kuma ba mu raina ta ba.

Sai batun mai. Lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur makamashi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma injin dizal ya fi iya tatsar abin da ke cikinta, musamman idan yana jan kaya. Tanki ɗaya yana kai mutum nesa, kuma a manyan tashoshin hanya yana iya shiga layin tireloli ya sha mai, maimakon kokawar juya doguwar mota a ƙaramin gidan mai. A motocin 2023, manyan kamfanoni uku, Ford da Ram da General Motors, sun ba injin dizal garanti na shekara 5 ko kilomita 160,000, na fetur kuwa shekara 5 ko kusan kilomita 96,000. In an zo sayarwa ma, mai dizal ta fi riƙe daraja.

Wannan duk gaskiya ne. Amma kowane allazi da nasa amanu. Na farko, a 2023 zaɓen injin dizal a sabuwar babbar a-kori-kura ya kan ƙara kusan dala 10,000 a kan farashinta. Man kansa ya fi fetur tsada a mafi yawan lokuta a Amurka, har ma harajin tarayya a kansa ya fi yawa: santi 24.4 a galan, fetur 18.4. Juyen baƙin mai yana cin daga kusan lita 10 zuwa 14, ga matatun mai da ake sauyawa a kai a kai. Mu ƙaddara, a matsayin misali, cewa bayan an cire duk wannan dizal yana rage wa mutum dala 500 a shekara. Zai ɗauke shi shekara 20 kafin rarar ta biya ƙarin kuɗin da ya kashe ranar saye. Abin da zai samu ranar sayarwa zai rage tazarar, amma ga mai fita sau biyar ko shida a shekara lissafin da wuya ya tashi.

Na biyu, dizal na yau ba irin wanda bakanikenmu ya saba kwancewa a gindin bishiya ba ne. Dokokin tsabtace iska na Amurka sun sauya shi. Tun 2006 aka rage sinadarin farar wuta a man dizal na kan hanya zuwa kashi 15 cikin miliyan. Daga 2007 aka sa wa motoci matata a salansa mai kama toka da baƙin hayaƙi. Daga wajen 2010 kuma aka fara amfani da wani ruwa da ake fesawa cikin hayaƙin, wanda kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce, irin sinadarin takin zamani, sauran kuma tataccen ruwa. Wannan ruwa yana da tankinsa daban, yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifili, kuma idan ya ƙare kwamfutar motar tana rage mata gudu har sai an zuba. Ita kuwa matatar tana buƙatar injin ya yi zafi sosai a kan doguwar tafiya kafin ta ƙona tokar da ta tara. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa kanti, tafiyar minti goma-goma, tana toshe matatarta a hankali, gyaran kuma ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Mun yarda da manufar waɗannan dokoki, domin hayaƙin dizal yana cutar da huhu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tsohuwar tirela a cunkoson Kano ya sani. Abin da muke cewa shi ne mai saye ya san irin dabbar da yake ɗaurewa a gidansa: tana son aiki mai nauyi, zaman banza yana lalata ta.

Yanzu ga batun da muke ganin ya fi duka muhimmanci, wanda kuma talla ba ta cika ambata ba. Kowace a-kori-kura tana da iyaka biyu: nauyin da za ta iya ja, da nauyin da za ta iya ɗauka a kanta. Kamfanoni suna gasa a kan na farko, shi suke rubutawa da manyan baƙaƙe. Adadin ba na ƙarya ba ne. Akwai ma'aunin bai-ɗaya da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara, wanda manyan kamfanoni suka runguma a wajen 2015, har da gwajin hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18 cikin zafin digiri 38 da na'urar sanyaya mota a kunne. Amma gwajin yana ƙaddara cewa mutum biyu ne kawai a cikin motar, kowanne kilo 68, kuma adadi mafi girma da ake tallatawa na wani samfuri ne guda, galibi marar kayan alatu, ba lallai wanda ke gabanka ba.

Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja sun san abin da masu saye da yawa ke mantawa a yau. Madugu ba ya tambayar ƙarfin wuyan jaki, bayansa yake dubawa, domin nan kaya ke zama. Gidan tafi-da-gidanka ba ya tsayawa a kan tayoyinsa kaɗai, wani kaso na nauyinsa yana danne motar da ke jan sa. Wanda ake maƙalawa a ƙugiyar baya yana ɗora mata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Babban irin, wanda gabansa ke hawa kan bayan a-kori-kurar ya zauna a kan faranti irin na tirela, yana ɗora mata kashi 15 zuwa 25. Wannan nauyi, da na mutanen da ke ciki, da na farantin, da duk abin da aka jefa a baya, dole su shiga cikin iyakar ɗauka. Ita kuwa iyakar tana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma ta wannan motar ce ita kaɗai, ba ta 'yar'uwarta da ke gefe ba.

Mu yi lissafi da misali. Gida mai nauyin kilo 6,000 bayan an loda shi, idan kashi 20 cikin ɗari ya hau mota, kilo 1,200 ke nan. A ƙara kilo 100 na faranti, kilo 300 na mata da miji da yara uku, kilo 100 na janareta da itace da sauran tarkace. An kai 1,700. Idan takardar ƙofa ta ce 1,300, an zarce iyaka da kilo 400, ko da talla ta ce motar za ta ja tan takwas. Injin ba zai nuna gajiya ba, kuma a nan haɗarin yake. Tayoyin baya da sifirin da birki su ne ke ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu, kuma ba sa sanarwa sai ranar da taya ta fashe a guje ko iskar wata tirela ta kaɗa gidan ya fara rangaji.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, injin dizal yana rage wannan iyaka. Ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, kuma tunda jimillar nauyin da aka yarje wa mota ƙayyadadde ne, duk kilon da inji ya ci an cire shi daga rabon kaya. Don haka a mota iri ɗaya, sau da yawa mai fetur ta fi mai dizal iya ɗauka. Kujerun fata da rufin gilashi da sauran kayan ƙawa su ma suna cin nasu rabon. Mutum zai iya biyan kuɗi mafi yawa ya fito da motar da ta fi kowace ƙarfin ja, ta kuma fi kowace ƙarancin wurin ɗora gidansa.

Shi ya sa muke ganin girman mota ya riga nau'in mai a jerin tambayoyi. Amurkawa sun kasa a-kori-kurarsu gida uku da tsofaffin sunaye waɗanda ba su dace da ainihin nauyin yau ba: mai rabin tan, wato F-150 da masu lamba 1500, mai kashi uku cikin huɗu na tan, wato F-250 da masu 2500, da mai tan ɗaya, wato F-350 da masu 3500, wadda wata ke da taya huɗu a baya. A ƙaramin ajin dizal ya ja da baya: Ford ya daina sa shi a F-150 a 2021, Ram ya bi sahu a 2023, General Motors kaɗai ya ci gaba da injinsa mai lita 3. A ajin tsakiya ne matsalar da muka bayyana ta fi kama mutane, domin injin babba ne amma iyakar ɗauka matsakaiciya. Tazarar farashi tsakanin mai 2500 da mai 3500 mai taya biyu a baya ba ta da yawa idan aka kwatanta da kuɗin motar gaba ɗaya, don haka wanda ya ƙudurta sayen dizal don babban gida, ya tsallaka zuwa mai tan ɗaya kawai.

Game da wane kamfani ya fi, muhawara ce da ba ta ƙarewa, kuma ba mu ga dalilin daɗewa a kanta ba. Ram yana amfani da injin Cummins mai silinda shida a jere tun 1989. Ford ya fara amfani da sunan Power Stroke a 1994, kuma tun samfurin 2011 shi ke ƙera injin da kansa. General Motors ya fito da Duramax a samfurin 2001 da haɗin gwiwar Isuzu na Japan. Duka ukun za su ja duk wani gida da iyali ke buƙata. Abin da ya fi sunan kamfani amfani shi ne kusancin gareji mai iya gyaranta, da abin da takardar ƙofa ta ce.

Mai neman ta hannu yana buƙatar ƙarin taka-tsantsan. Wasu masu motoci suna cire matatar hayaƙi su sauya wa kwamfutar tsari, abin da dokar tarayyar Amurka ta haramta, kuma mayar da kayan yana da tsada. Hukumomi ba su yi wasa da batun ba ko da manyan kamfanoni ne: a Disamban 2023 Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan zargin sa wa injinan dubban ɗaruruwan motocin Ram manhajar kauce wa gwajin hayaƙi. Kada a sayi tsohuwar dizal sai bakanike mai zaman kansa ya duba ta, an kuma ga takardun juye da gyaranta.

Ga mai tunanin shigo da irin wannan mota Najeriya ko Nijar kuwa, gargaɗinmu ya fi ƙarfi. An ƙera injinta don man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Iyakar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a 2020 ita ce 50, wato ko an bi dokar sau da ƙafa ta ninka ta Amurka fiye da sau uku, balle man da aka saya a jarka a bakin hanya. Famfon mai da matatar hayaƙin waɗannan injina ba sa jure gurɓataccen mai. Ba banza ba Hilux da Land Cruiser da aka ƙera don kasuwanninmu suka mamaye hanyoyin Agadas da Maiduguri: an yi su daidai da man da ke akwai da bakaniken da ke akwai.

To, ina muka tsaya? Ra'ayinmu shi ne, dizal kayan aiki ne na mai babban kaya da doguwar tafiya, kuma a hannun irin wannan mutum ya cancanci kuɗinsa. Idan gidanka a loda ya haura kamar tan biyar da rabi, ko kana shafe watanni a hanya kowace shekara, ko tafiyarka tana bi ta manyan tsaunukan yammacin Amurka, sayi dizal, ka kuma saye shi a mota mai tan ɗaya. Ƙarfin hawa da birkin salansa a nan sun zama larura. Idan kuwa gidanka bai kai haka ba, fitarka ta ƙarshen mako ce da dogon hutun yara, kuma motar ce za ta riƙa kai ka aiki kullum, babban injin fetur zai yi maka aikin da sauƙin saye da sauƙin gyara, sau da yawa ma da ƙarin wurin kaya. Zai fi shan mai, zai fi ƙara a kan tudu, amma zai kai ka. Ga mai ƙaramin gida na tan biyu ko uku, mai rabin tan da aka shirya don ja za ta iya wadatarwa, muddin takardar ƙofa ta yarda.

Kowanne ka zaɓa, tsarin yanke shawarar ɗaya ne. A fara zaɓen gidan kafin motar. A yi lissafi da iyakar nauyinsa idan an cika shi, ba nauyinsa yana fanko ba, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tukwane da barguna da buhun shinkafa ba sa cikin adadin da dillali zai faɗa. A buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ido, kada a karɓi "za ta ja" daga bakin mai son sayarwa. A bar rata, kada a cika iyaka taf. A tabbatar motar tana da na'urar da ke sarrafa birkin gidan. A binciki dokar jihar da ake zaune, domin wasu jihohi suna neman lasisi na musamman idan jimillar nauyi ta yi yawa. Sannan a tafiyar farko, da iyali da kaya da ruwa duk a ciki, a tsaya a tashar manyan motoci a hau sikeli. Kuɗin awon bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne kaɗai zai faɗi gaskiyar abin da ke kan kowace taya.

Mu da muka taso muna ganin a-kori-kura ta dawo daga kasuwar ƙauye, bayanta na jan ƙasa da buhuna, mutane a saman buhunan, mun san yadda ake sabawa da lodin da ya wuce kima har a daina ganinsa haɗari, mun kuma san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. Kada mu ɗauki wannan sabo mu tsallaka teku da shi, mu ɗora shi a kan hanyar da ake gudun kilomita 110 a awa. A cikin wannan mota matarka ce a gefe, 'ya'yanka ne a baya, kuma a layin da ke kusa akwai iyalin wani. Daidai ruwa, daidai tsaki: a auna kaya, sannan a nemo abin da zai ɗauke su.